Jini ya ƙi tsayawa bayan ɓari, an ce jijiyoyin mahaifa ne suka harɗe

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema, musamman Anti Likita in tana kusa. Na yi ɓari wata uku da suka wuce, aka min wankin ciki a wani asibitin kuɗi. Jini ya ɗauke har na yi wanka na koma salla, kawai ranar nan ina tsaye ina wanke-wanke sai na ji abu ya ɓalle min kamar an buɗe famfo, ja jawur da guda-guda, kafin in kai banɗaki zanina ya jiƙe sharkaf, kuma ba ciwon mara ba komai, can kuma ya ɗauke ɗif da kansa. Ya sake min haka, na ƙarshen sai da aka ƙara min jini leda biyu. Suka ce saura ne ya rage a sake wankewa har an sa rana, sai maigidan ya ce mu fara zuwa wani wuri a sake sikanin. Mai sikanin ya danna wani abu sai allon ya cika da ja da shuɗi a gefe ɗaya na mahaifar, ya rubuta AVM da alamar tambaya, ya ce kar in kuskura in bari a sa min ƙarfe a mahaifa sai babban likitan mata ya gani. Yanzu kuma wani yana cewa in abin ya ci gaba sai dai a cire mahaifar. 'Yata ɗaya tal, shekararta shida, tun daga ita sai wannan cikin da ya zube. Wlh ko barci ba na iya yi.

Ummu Sudais: Subhanallah, sannu 'yar uwa. Allah ya yaye miki, ya mayar miki da mafi alheri.

Hajiya Babba: Sannu 'yata. Ni dai a sanina jinin bayan ɓari in ya ƙi tsayawa to datti ne ya rage, in aka wanke shi kenan. Ni ma an taɓa min sau biyu a jere kuma na haihu bayan nan har huɗu. Ki bi maganar asibitin da suka fara duba ki, yawan yawon asibiti shi ke rikita mutum.

Sista Ladidi: Hajiya da girmanki, amma a nan kam ban yarda ba. Naki daban nata daban. Shekarata goma sha ina aikin unguwarzoma, jinin da ke zuwa farat ɗaya ba ciwo ya kuma ɗauke farat ɗaya har ya kai ga ƙarin jini, ba a garajen sa masa ƙarfe. Maman Ilham wannan mai sikanin ɗin ki riƙa sa shi a addu'a.

Hajiya Babba: To Sista ku kuka san aikinku, amma barin datti a ciki ai shi ma yana ruɓewa ya kawo zazzaɓi.

Anti Likita: Wa alaikumus salam. Sannu Maman Ilham, yanzu na fito daga tiyata na ga an yi ta kirana. Hajiya maganarki akwai gaskiya a ciki, zan dawo kanta. Amma bari in fara da mene ne abin.
A yadda Allah ya tsara jiki, jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya tana zuwa da ƙarfi, sai ta rarrabu ta zama 'yan siraran jijiyoyi waɗanda ido ba ya gani, a nan ƙarfin jinin ke raguwa, sannan ya shiga jijiyar da ke mayar da shi zuciya wadda bangonta ba shi da kauri. To a AVM, wato harɗewar jijiyoyin jini, waɗannan siraran na tsakiya babu su a wurin, mai kawowa ta haɗe kai tsaye da mai mayarwa, sai su kumbura su cukurkuɗe a cikin naman mahaifa. Duk ranar da shimfiɗar cikin mahaifa ta zube lokacin al'ada, ko aka kankare wurin da ƙarfe, sai bakin jijiyar ya buɗe. Shi ya sa jinin ke zuwa da yawa lokaci guda kuma sau da yawa ba ciwo.
Akwai wadda ake haihuwarta da shi amma wannan kaɗan ne ƙwarai. Mafi yawa daga baya ake samu, bayan wankin ciki, ɓari, CS, tiyatar cire ƙarin mahaifa, ko irin cikin nan da mabiyiya ke lalacewa ta zama ƙananan ƙullutu masu ruwa. Ba sabon ciwo ba ne, tun 1926 wasu likitocin Faransa biyu, Dubreuil da Loubat, suka rubuta bayaninsa.

Maman Ilham: Innalillahi. Kenan wankin da aka min ne ya jawo?

Anti Likita: Zai iya zama shi, zai iya zama cikin ne da kansa, kar ki sa wannan a ranki yanzu. Abin da nake so ki riƙe shi ne alamar tambayar nan da ya sa, ba a banza ya sa ta ba. Ba duk ja da shuɗin da aka gani bayan ɓari ne AVM na gaske ba. Sau da yawa ɗan guntun mabiyiya ne ya maƙale, jijiyoyin da suka buɗe don ciyar da cikin ba su gama komawa yadda suke ba, a hoto sai su yi kama da AVM sak. Irin wannan da yawansa yana bajewa da kansa cikin makonni ko 'yan watanni. Kin ga Hajiya, saura na iya kasancewa a ciki kamar yadda kika ce, matsalar ita ce kankare shi a makance alhali jijiyoyi masu ƙarfi na kwance a ƙarƙashinsa.

Bilkisu Mai Sikanin: Anti bari in ƙara daga ɓangarenmu. Sikanin ɗin da aka saba yi baƙi da fari ne, abin da zai nuna kawai wasu 'yan ramuka baƙaƙe a jikin mahaifa ko wani abu a ciki, mai gaggawa sai ya rubuta saura ya sallame ki. Sai an kunna kala, wato Dofla, sannan za a ga jini na gudu ta ko'ina a hargitse. Kuma ba a tsaya a kala ba, ana auna gudun jinin. Maman Ilham duba takardarki ko akwai inda aka rubuta PSV, wato awon gudun jinin, da lamba a gabansa. Kuma wanda ake yi ta ƙasa ya fi na kan ciki nuna abin sosai, na san mata da yawa ba sa so, ki nemi mace ta miki in hakan ya fi miki.

Maman Ilham: Na duba, babu PSV, girman wurin kawai ya rubuta.

Anti Likita: To a sake a auna. Akwai binciken da Farfesa Timmerman da abokan aikinsa na Leuven a Beljiyam suka fitar a 2003, suka ga matan da gudun jininsu ya kai santimita 83 a daƙiƙa ko fiye su ne suka fi shiga haɗari da buƙatar a toshe jijiyar, waɗanda nasu bai kai 39 ba kuwa ba su buƙaci hakan ba. Matan da aka yi binciken a kansu ba su da yawa, don haka ba da lambar kaɗai muke yanke hukunci ba, muna haɗawa da yawan jinin da mace ke zubarwa da PCV ɗinta, wato awon da ke nuna ko jinin jikinta ya yi ƙasa. Ke da har an ƙara miki jini ba za a ɗauki naki da wasa ba ko da lambar ta yi ƙasa.
Sai gwajin jini na hCG, wato homon ɗin da ciki ke samarwa, wannan wajibi ne. Shi zai nuna ko akwai sauran naman ciki mai rai, ko sabon ciki, ko ciwon mabiyiyar nan da na ambata wanda maganinsa daban ne gaba ɗaya. In aka ga da buƙata sai a yi hoton MRI ko CT na jijiyoyi.

Maman Twins: Ni fa gsky zan faɗi abin da ba a so. Rai ya fi haihuwa. Yayata haka aka yi ta jan ta ana a jira a jira, cikin dare jini ya ɓalle mata, kafin a samu mota a kai ta ta suma, aka shiga da ita tiyata aka cire mahaifar kuma da ƙyar aka ceto ta. Da tun farko an cire cikin natsuwa da ba ta sha wannan wahalar ba. Kina da 'ya, Allah ya raya miki ita, kar ki bar ta marainiya saboda neman na biyu.

Ummu Sudais: Haba Maman Twins, sauƙin faɗa gare ki ke da kike da biyar. Kin san gorin da mace mai 'ya ɗaya ke sha a gidan miji kuwa? Balle a ce ba ta da mahaifa kwata-kwata.

Maman Twins: Wlh ba don in ɓata mata rai na faɗa ba, abin da idona ya gani ne. Gori ai mai rai ake yi wa.

Admin Anti Rabi: Dan Allah a sassauta, duk don ita kuke yi. A bar Anti Likita ta gama.

Anti Likita: Maman Twins tsoronki a kan hanya yake, ciwon nan yana kisa in aka yi sakaci, kuma akwai daren da cire mahaifa shi ne kaɗai abin da zai ceci mace, ni kaina na yi wannan aikin ina jin ciwonsa a raina. Amma ga yarinya mai neman haihuwa wadda take tsaye da ƙafafunta yanzu, ba da shi ake farawa ba. Kuma jiran da muke nufi ba komawa gida a zauna ba ne. Ana jira ne ga wadda jininta ya lafa, PCV ɗinta bai yi ƙasa sosai ba, gidanta ba nisa da asibitin da ke da bankin jini, ana maimaita Dofla da hCG lokaci-lokaci a ga abin yana raguwa. In ɗaya daga cikin waɗannan babu to jira ya zama ganganci, ina jin abin da ya faru da yayarki kenan, Allah ya ƙara mata lafiya.
Akwai magunguna da ake haɗawa da jiran. Akwai mai rage zubar jini wanda za ku ga an rubuta tranexamic acid a kwalinsa, akwai ƙwayoyin homon irin na tazarar haihuwa, akwai allura irin su Zoladex da ke dakatar da al'ada na ɗan lokaci don mahaifar ta huta jijiyoyin su motse, ita wannan tana sa jin zafi yana taso wa mace da gumi kuma ba a cika wuce wata shida ana yin ta ba. In kuma an tabbatar saura ne, ana iya shiga da siririyar kyamara ta bakin mahaifa a cire shi ana kallo, a ɗakin tiyata da jini a ajiye, ba a ɗakin duba marasa lafiya ba.

Maman Ilham: Anti maganin tazara kuma? Ni da nake neman ciki ido rufe. In uwar mijina ta ga wannan kwalin a ɗakina na shiga uku, dama cewa take ni nake hana kaina.

Anti Likita: Na fahimce ki ƙanwata. A nan magani ne ba tazara ba, kuma ɗaukar ciki a kan jijiyoyin da ba su warke ba shi ne babban haɗarin, zai iya sake zubewa da jinin da ya fi na baya. Ki tafi da maigidan wurin likita ya ji da kunnensa, shi zai yi wa Hajiyarsa bayani, ya fi a ji daga bakinki. Abu ɗaya, ki gaya wa likitan kina son ciki da zarar an warke, saboda allurar tazarar nan ta wata uku-uku takan jinkirta dawowar haihuwa watanni da yawa bayan an daina, ƙwaya ba ta yin haka.

Zainabu Maraɗi: Salamu alaikum, ni an yi mini toshe jijiyar da kuke magana, bari in ba ta labari ko hankalinta ya kwanta. Bayan ɓari na biyu ne ekogarafi, wato sikanin, ya nuna abin, lokotoron ya ce kada a taɓa, muka yi ta neman inda ake aikin har muka samu da nisa da gida, mun sai da fili kafin mu iya. Ba a yanka ni ba, ba a ma sa ni barci ba. Allurar kashe zafi suka yi mini a matsematsi, suka zura wata siririyar roba ta cikin jijiya, ina kwance ina ganin talabijin ɗin da suke kallo, da suka tura ruwan kala sai na ji ɗumi ya bi marata, sai ga abin ya fito a allon baƙi a dunƙule. Suka tura maganin toshewar suka sake hoto, wurin ya washe. Abin da ya ba ni wuya shi ne kwanciya ba lanƙwasa ƙafa na awoyi, sai ciwon mara mai tsanani daren farko da ɗan zazzaɓi. Al'adata ta dawo, yanzu ga Abdul nan ina goyo.

Ummu Sudais: Allahu Akbar! Masha Allah, Allah ya raya Abdul.

Maman Hanif: Ina taya ki murna Zainabu amma ni ina da ja. Lokacin da nake fama da fibroid an kawo min maganar toshe jijiya, likitana da kansa ya ce in ina son haihuwa gara a yi tiyata a cire ƙarin, wai toshewar tana iya taɓa ƙwan mace ta kuma sa ɓari. To yaya abin da aka hana ni saboda haihuwa zai zama shi ne mafita ga mai neman haihuwa? Kuma in an toshe wa mahaifa hanyar jini da me za ta riƙe ɗa?

Anti Likita: Tambaya mai kyau Maman Hanif, kuma likitanki bai yi kuskure ba. Ke kina da wata hanyar da ta fi dacewa da mai son haihuwa, wato a yanke ƙarin a bar mahaifa. Ita kuwa mai AVM da ke zubar da jini, abin da ke ɗaya gefen sau da yawa cire mahaifar ne ɗungurungum, kin ga lissafin ya bambanta. Mahaifa kuma ba hanya ɗaya jini ke zuwar mata ba, bayan manyan jijiyoyinta biyu na dama da hagu tana samu daga jijiyoyin ƙwai da na farji, shi ya sa ba ta mutuwa. Sannan abin toshewar iri-iri ne, akwai wani soso na jelatin da ke narkewa cikin makonni jijiyar ta sake buɗewa bayan wurin ya warke, akwai 'yan ƙwayoyi da gam na musamman da ke zama dindindin, mai aikin yana zaɓa gwargwadon girman abin, kuma yana ƙoƙarin kai robar kusa da inda cutar take don ya bar sauran. Tun 1982 aka ba da rahoton yi wa mai wannan ciwon aikin, kafin ma a fara yin sa don fibroid a Faransa a shekarun 1990.
Ba zan ce miki ba shi da illa ba. Yana iya raunana ƙwai, an fi ganin haka ga waɗanda suka haura 40. Wani lokaci sai an maimaita. Cikin da aka samu bayansa ana sa masa ido sosai saboda mabiyiya na iya mannewa ko ta zauna a ƙasa, jini kuma na iya zuba bayan haihuwa. Amma mata da dama sun haihu lafiya bayansa.

Zainabu Maraɗi: Gaskiya ne, ni an ce in jira wata shida kafin in nemi ciki, kuma sai da aka sake Dofla aka ga wurin ya bushe. Haihuwar ma a babban asibiti na yi, an tanadi jini tun kafin naƙuda.

Maman Hanif: To na gamsu da rabi. Ni dai har yanzu ina ganin in akwai halin jira da magani a fara da shi, kada a ji labari mai daɗi ɗaya kowa ta ruga.

Anti Likita: A kan wannan ba mu saɓa ba.

Maman Amira: Akwai wani haɗi na musamman da nake sayarwa na tsayar da jini da wanke mahaifa, an gwada an dace, ki min magana ta gefe.

Sista Ladidi: Dan girman Allah Maman Amira ki bari. Jijiya ce a buɗe, duk abin da zai sa mahaifa ta murɗa ko a cusa a gaba zai iya ɓalle ta. Haka ma masu zuwa kemis su sayi miso, ƙwayar nan da ke sa mahaifa ta murɗa, su sha da kansu. Maman Ilham abin da za ki yi a gida shi ne maganin ƙarin jini da aka rubuta miki, ki ci hanta da zogale da alayyahu, ki san rukunin jininki, ki tanadi mutum biyu ko uku cikin dangi da za su ba da jini ko da tsakar dare, a san motar da za a ɗauka da wanda zai tuƙa. Takardar sikanin ɗin nan ki ɗauke ta a waya, kofi ɗaya kuma ya zauna a jakarki, duk emajensin da kika shiga ita za ki fara miƙawa kafin wani ya ɗauko kayan wanki. Kuma maigida ya bar izini, kada jini ya zo yana kasuwa a ce sai an jira shi ya sa hannu, mun ga yadda wannan jiran ke cin mata.

Admin Anti Rabi: Na goge tallar. Ba a tallan magani a kan irin wannan matsalar a gidan nan.

Malama Ummu Aiman: Game da ibada tunda na san zai dame ki, a mazhabarmu ta Malikiyya iyakar haila kwana 15 ne, na biƙi kwana 60, abin da ya wuce haka jinin cuta ne, za ki tsaftace jiki ki yi sallarki. Ki kai wa malamar da kika yarda da ita lissafin kwanakinki ta warware miki dalla-dalla.

Maman Ilham: Na gode Malama, dama abin na cikin raina. Anti Likita to ina zan dosa? Mu a Kano muke kuma ba masu hali ba ne sosai.

Anti Likita: Ki nemi takardar turawa zuwa sashen mata na asibitin koyarwa, ku ga Malam Aminu Kano nan kusa da ku, na Zariya akwai Shika, na Sakkwato akwai na Usmanu Danfodiyo. A can za a sake Dofla da awo, a yi hCG da PCV, manyan likitoci su zauna a kan maganarki. Toshe jijiya ba ko'ina ake yi ba don yana buƙatar na'ura ta musamman da likitan hoto da ya ƙware a kai, akwai masu yi a Legas, kuma da tsada, su za su gaya miki inda ya fi kusa in har an kai ga nan. Inda babu shi ma akwai tiyatar ɗaure jijiyoyin mahaifa a bar mahaifar a wurinta, ki tambaya da bakinki ko za ta yiwu a naki. Kuma ku sauran, in an yi ɓari ku tambaya da me za a wanke, Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da ba da shawarar a bar kankara da ƙarfe a koma na zuƙowa da sirinji ko magani a hannun ma'aikacin lafiya.

Amaryar Bana: Anti ku yi haƙuri na shigo a makare, na karanta duka jikina ya yi sanyi. Ni CS aka min sati biyar kenan, jini ya riga ya koma fari-fari, to ɗazu bayan isha'i ja ya dawo da yawa, na canza auduga uku cikin awa ɗaya duk sun jiƙe kuma in na miƙe jiri nake ji zuciyata na bugawa. Shi ma zai iya zama wannan? Na ce ko in bari sai da safe tunda maigidan ya kwanta.

Anti Likita: A'a ƙanwata, ba sai da safe ba. Ko mene ne sanadin, wannan jinin ya yi yawa, kuma e jijiya na iya buɗewa a wurin ɗinkin CS. Ki tashe shi yanzu ku tafi asibitin da ke da jini da ɗakin tiyata, ki kwanta a bayan mota a ɗaga ƙafafunki, wata ta riƙe jaririn. Ki gaya musu yaushe aka yi CS ɗin, kuma in hali ya ba da dama a duba da Dofla kafin a taɓa cikin mahaifar.

Sista Ladidi: Amarya aje wayar ki tashe shi. In kun kama hanya ki turo min sunan unguwarku ta gefe in gaya miki wanda ya fi kusa, ina aikin dare yau wayata na hannuna.